Manet ɗin Zabairu

Ku yaran da kuke zaune gabana yanzu, kun ɗauka gyara shi ne a ɓalle gilashin salula, a manna wani, a busa, a miƙa wa mai ita. In abu ya ƙi ku, sai ku ce ya mutu, ku wurga shi kwali. Jiya na ji ɗayanku yana cewa zai share kantar sama, wai tarkace ne ke tara mana yanar gizo. Har ya ɗora hannu kan wani baƙin akwatin roba, ya ji ba nauyi, ya ce, “Wannan kwankon banza na wa ne ma?” Ban amsa masa ba saboda akwai mutane. Amma tunda hannunku ya fara kaiwa can, gara ku san yadda kantar nan take.

Sunana Lawali, sai dai a Tasawa in ba ka ce Lawali mai rediyo ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Na koyi aiki wurin Baba Yakubu, wani Kirista mutumin wajen Mayahi, gajere, haƙurinsa ma gajere. Zamanin mulkin soja na farko ne. Aikin da ya fara ba ni na wuta ne, rediyo kam ban taɓa ta ba sai da na daɗe. Ba kuran, wato wutar lantarki, a rumfarmu, don haka ƙarfen narka dalma, wanda muke ce wa fer, a murhun gawayi ake gasa shi. Ɗaya na hannunsa, ɗaya na cikin wuta. Ni ne mai fifita, in miƙa mai zafi, in karɓi wanda ya huce. In zafin ya yi yawa, sai ya ɗaye siririn layin tagulla daga jikin allon rediyon. In bai kai ba, dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. Kusa da kunci ake kawo shi a ji. Kafin in iya, na sha yawo da tabo a kumatu, ƴan mata suna tambayata ko sabuwar tsagar gidanmu ce.

Wurin ajiya biyu ne a rumfar, kuma har yau haka na bar su. Ƙarƙashin tebur akwai kwalin gawa. Duk rediyon da mai shi ya ce ya haƙura, nan yake sauka, a riƙa cire masa hanji ana raya wasu. Kantar sama kuwa ta matafiya ce. A babban farin da ya kori mutane kudu ina ɗan koyo, mutum kan zo da rediyonsa ya ce a duba masa. Shi da Baba Yakubu duk sun san ajiya ya kawo, don in ya bar ta gida, yunwa za ta sa a sayar. Sai a ɗora ta sama. Dokar tsohon ɗaya ce: abin da ke sama ba ya saukowa sai da bakin mai shi, ko bakin wanda ya haife shi. Ko ƙusa ɗaya ba a ara a can, komai matsuwa.

Na taɓa ganin amfanin dokar da idona. Wani mutumin Hawandawaki ya dawo daga Kano gemunsa ya yi fari, ya tsaya bakin rumfa yana ta kame-kame, kunya ta hana shi tambaya. Baba Yakubu bai ko gaishe shi ba, ya taka benci, ya sauko da rediyo, ya goge da gefen riga, ya sa pil, wato batir. Da ta yi magana, mutumin ya zauna ƙasa daɓas ya rufe fuska. Gonarsa ta tafi, matarsa ta rasu a can, wannan kaɗai ya tarar inda ya bar ta. Bayan ya tafi, Baba Yakubu ya ce mini in fifita wuta, tana mutuwa.

Tsohon ya rasu ya bar mini rumfa da fer ɗinsa. Sana'a ta yi ta canja riga, daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa tele, wato talabijin, da bidiyo, sai ga salula. A tsakani ne wasan tele ya shigo. Akwati ne na roba, ana soka masa wani kaset rawaya a kai, a haɗa da tele, a riƙe abin latsawa mai ƙaho biyu da ake ce wa manet. A jikin kaset ɗin an rubuta wasanni dubbai, amma in ka bi su, ƴan kaɗan ne suke ta maimaita kansu, yau motar ja gobe shuɗiya. Manet shi ne ya fi zuwa gyara, don yaro in an cinye shi, wayar yake fizga.

Ta wajen manet na san Zabairu. Matashi ne ɗan wani ƙauye kusa da Maijirgi, dogo, baki ba ya rufuwa. Sana'arsa ban taɓa ganin mai irinta ba. Yana da jaki da amalanke, da batirin mota, da akwatin wasa, da wani ɗan ekran, wato gilashin kallo, da ya samo a Maraɗi daga jikin motar da ta yi haɗari, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Haka yake bin kasuwanni, Maijirgi, Hawandawaki, har Kanan Bakashe ta cikin rairayi. Ya kafa buhu ya yi inuwa, yara su cusa kai kamar kaji kan tsaba. Mai ɗan canji ya bayar, marar shi ya kawo gyaɗa ko ciyawar jaki. In ya ga layi ya yi sanyi sai ya karɓi manet da kansa ya nuna musu yadda ake yi, kuma ba a taɓa cinye shi ba. Saboda yawan riƙo, gefen hagu na manet ɗin, inda babban yatsansa ke zama, robar ta lotsa ta yi santsi.

Duk zuwansa sai ya dame ni da magana ɗaya.

“Yaya Lawali, kai da ka iya hanjin rediyo, mi za shi hana ka cusa min ekran da akwati da batir duka cikin manet guda? In sa aljihu, jakin ga shi huta.”

“Kai ma in cusa ka ciki?”

“In da wuri, ai sai in shiga.”

Nakan kore shi da fer a hannu, ya tafi yana dariya. A raina na san abin ba hauka ba ne gaba ɗaya, don na sha buɗe akwatunan nan, rabinsu iska ce. Amma aiki ya yi mini yawa, kuma na ɗauka akwai lokaci.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi bai kai ga ido ba, kafin zafi ya kankama rumbuna sun koma wurin kwanan kaji. Ana cikin haka muka wayi gari rediyo na ta kiɗan soja, an sake juyin mulki. Ranar na yi ciniki, don duk mai mataccen rediyo ya tuna da shi. Bayanta kuwa shiru. A ƙauyuka mata sun koma jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji, suna zubar da ruwan ɗaci. Yaron da cikinsa ke kuka ba ya tseren mota. Zabairu ya sayar da jaki, ya sayar da amalanke, ya sayar da batir ya yi kuɗin mota. Ya zo mini da sauran a ƙunshe cikin tsohon zane.

“Sa min sama,” ya ce. “In na bari gida, yunwa na cinye shi. Libiya za ni tahi, ba ni daɗewa. Kahin in komo ka yi tunanin zancen nan namu.”

Na ɗora su da hannuna, akwati da ekran da manet. Daga Agadas ya kira ni, yana ihu saboda ƙarar mota, wai in gaida jakinsa in na gan shi hannun sabon maigida. Ban ƙara jin muryarsa ba.

Uwarsa, Inna Cima, tana kawo kuka da busasshiyar kuɓewa kasuwar Tasawa. Zabairu ɗanta ne na fari, kuma kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane, ko kukansa ba ta da damar yi. Ran kasuwa in ta tashi, sai ta biyo ta rumfata wai ta sha ruwa. Ta zauna bakin benci, ta ɗaga kai kamar mai kallon rufi.

“Wancan na sama, na wa ne?”

“Na Zabairu ne, Inna.”

“To.”

Sai ta ɗauki ƙwaryarta. Da farko na zaci tsufa ne ya fara taɓa ta. Da ta maimaita, ta sake maimaitawa, sai na gane. A gidansu ba mai faɗin sunan. Ita kunya ta hana ta, matarsa ma ba ta kiran sunan miji. Rumfata ce kaɗai inda za ta ji shi a bakin mutum, ta kuma ga kayansa suna inda ake ajiye na masu dawowa. Daga nan na riƙa faɗinsa a hankali, da ƙarfi kaɗan, don kunnenta ɗaya ya yi nauyi.

Wata ranar kasuwa ta zo tare da matar, Barira, da goyo a baya da wata ƴar a hannu. Barira ta rame har awarwaronta na zamewa. Ita ce ta yi magana, idonta a ƙasa. Ƴan'uwanta sun aiko daga wajen Kanan Bakashe, in ba ta da abin ci da yara ta tattara ta koma gida. In ta tafi, gidan Zabairu ya rufe ke nan, tsohuwa ta zauna ita kaɗai.

“Maigidan ya sha hwaɗa min kuna iya mai da abin ga ƙarami,” ta ce. “Batirin mota ba ni da shi, ba ni da jakin kai shi caji. Amma na salula, ko a Maijirgi ana sa mishi wuta. Ɗiyan ma'aikata da na ƴan kasuwa har yanzu suna zuwa ƙohwar gida suna tambaya. In na samu ko na gishiri ne, ina zamnawa.”

Na gaya musu gaskiya. Ana iyawa, ko dai ina zaton ana iyawa. Amma sai na fasa akwatin, na yanke allonsa, na tsinke wayar manet, kuma ba zai sake komawa yadda mai shi ya bar shi ba. Abin da ke sama kuwa ba ya saukowa sai da bakin uwa. Inna Cima ta daɗe tana zama a bencin nan, ta san inda abin da ya sauko yake zuwa. Ta dubi kwalin da ke ƙarƙashin tebur, ta dubi jikokinta. Ni dai na kama goge wani abin da ba ya bukatar guga.

“Ni ban ce a sauko da shi ba,” ta ce. Ta tashi, Barira ta bi ta.

Wannan makon bai yi mini daɗi ba. Na ji haushin doka, na ji haushin Baba Yakubu a kabarinsa, amma ban taɓa kayan ba. Kasuwa ta zagayo, sai ga tsohuwa ita kaɗai. Ba ta nemi ruwa ba.

“Lawali, aikin ga, dole sai bisa tebur aka yin shi?”

“Nan dai muka saba, Inna.”

“In ka hau can ka yi hwa? Kai ka tahi wurinshi. Shi kada shi sauko.”

Na buɗe baki in ce ba a taɓa yi ba, sai na ga ba abin da ya hana. Na ce mata ana iyawa.

Haka na yi aikin nan a tsaye kan benci, kaina na gogar kwano, a tsakiyar bazara. Na kifa durom na ɗora murhu a kai don fer ya kai hannuna. Na koma ga na gawayi da gangan, saboda fer na kuran yakan ɗiga wuta, kuma duk ƙwaƙwalwar akwatin nan wani ɗan baƙin ɗigo ne kamar an ɗiga kwalta, wuta kaɗan ke kashe shi. Maƙwabtana suka samu abin yi. Tela ya ce Lawali ya gaji da mu ya kama hanyar sama. Mai nama ya ce in na isa in tambayo labarin ruwa. Na shimfiɗa zanen Zabairu a kan kantar don kada ko ƙusa ta gangaro, kuma duk wadda na kwance sai in sa ta a baki.

Allon akwatin ya fi cikin manet tsawo, sai da na bi layukan tagulla da ido na ga inda za a yanka ba a taɓa rai ba, na yanke da guntun zarto, na haɗa abin da ya tsinke da silin waya. Wurin soka kaset ba shi da wurin zama, don haka na fasa kaset ɗin rawaya na liƙa cikinsa kai tsaye. Ekran ne ya ba ni wuya. An yi shi don batirin mota, na salula ba su isa su tashe shi ba. Na yi ta bi da mitar gwajin wuta har na gano inda wutar ke raguwa a cikinsa, na shigar da tawa ta nan, na tsallake ƙofar gaba. Batiran salula suka shige cikin ƙahonin kamar don su aka yi wurin. Lasifika na ciro daga wata ƙaramar rediyo a kwalin gawa, don na ƙasa yana iya hawa sama, ba wanda ya hana wannan. Gidan ekran kuwa robar sabulu ce, na ɗaure ta da manet da guntun murfin tukunya da masu zubi suka yanko mini. Da na fara kunnawa hoto ya yi ta gudu sama, sai da na gano waya ɗaya na jan iska. Na gyara, ƴar mota ta tsaya cak a kan titi tana jira.

Robar da ke ƙarƙashin maɓallan duk na canja. Fatar waje kuwa, mai lotsawar nan, ina da sabuwa a kwali, na ɗauko har na gwada, na mayar. Da na gama sai na rufe bakin akwatin da ba komai cikinsa, na ɗaure ƙusoshinsa, na goge shi, na bar shi daidai inda yake. In ka kalle shi daga ƙasa, lafiyarsa lau.

Ranar da suka zo, daga kan benci na miƙa wa Barira, hannu zuwa hannu. Ta kunna, kiɗan ya tashi, ƴar da ke hannunta ta gane shi ta fara waige-waige tana neman ubanta. Barira ta yi sauri ta miƙa wa tsohuwa don ta samu ta juya baya. Inna Cima ba ta taɓa riƙe abin nan ba a rayuwarta, a juye ma ta karɓa. Na gyara mata. Ba ta kalli ekran ba sam. Yatsanta ne ya faɗa cikin ramin.

“Wanga wuri ya lotsa,” ta ce.

“Yatsan mai shi ne, Inna.”

Ta bar nata a wurin. Motar ta yi ta karo da gefen titi har wasan ya ƙare, ba wanda ya ce ta saki. Can ta miƙa wa surukarta, ta ɗaga kai sama, ta yi tambayarta, na ba ta amsarta.

Ba zan ce muku abin ya yi arziki ba. Yara sun riƙa shiga gidan ɗaya bayan ɗaya, wani da canji, wani da ɗan hatsi a gefen riga, wani da itace. Da wannan da dakau da take yi wa mutane, Barira ta kai kaka ba ta bar ɗakinta ba, kuma daga gidan nan ta aurar da ƴarta. Da yaƙi ya tashi a Libiya, manyan motoci suka riƙa sauke mutanenmu a tasha, na rufe rumfa na yi ta bin su ina tambaya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi wurin gini, wani ya ce motarsu ce ta ɓace a hamada. Ba wanda ya ce ya ga gawa. Ban kai wa tsohuwa ko ɗaya daga cikin zantukan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tambayarta ɗaya ce, kuma ta yi ta har ƙafa ta gaza kawo ta kasuwa. Ta rasu da kaka, shekarar da aka yi gyaɗa.

Manet ɗin yana wurin Barira cikin kwano, ko da yake yaran yanzu sun raina shi, salula ta fi shi launi. Lokaci lokaci takan aiko a canja batir. In ya zo nakan kunna in yi tsere ɗaya, a cinye ni. Ina kewar yaron nan, ba na ɓoye muku. Har yau in amalanke ya tsaya a ƙofa sai na ɗaga kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai gani ba. Shekaru yana roƙona ina korarsa da fer, ga shi ya shiga, duka ya shiga, har da sauran wuri, kuma ban samu na ce masa zo ka gani ba.

To ku koyi gasa fer, ku koyi bin layi da ido kafin ku ce abu ya mutu. Kantar sama kuwa ku goge ta in kuna so, amma a can za ku goge, kuna tsaye kan benci. Kai kuma da ka yi tambaya jiya, ban ji haushinka ba. Tun rasuwar Inna Cima ba wanda ya sake yi mini ita, kuma na daɗe ina son in amsa.

Na Zabairu ne. Bai zo ba tukuna.